Kada Ki Ba Ƙanenki Lambar

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Yagana,

Assalamu alaikum. Wushe, sannu da hanya. Ina fata kin sauka Potiskum lafiya, direba bai yi ta gudu da ku kamar wanda aka biyo ba. Allah ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sa ki shiga garin da ƙafar dama.

Na cusa wannan takarda ƙarƙashin kwalbar turaren wuta a jakarki, don na san turaren za ki fara nema kafin komai. Ban faɗa miki da baki ba saboda na san halinki. Da na fara magana sai ki hau "To Mama, to Mama," idonki yana kan waya. Takarda kuwa ba a katse ta.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya kika bar shi. Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni. Baffanki Alhaji Bukar ya ɗauke ki koyar da kemistiri a makarantarsa, ajin ƙarshe, ga jarrabawar fita ta matso, ga kuma ƙanenki Modu a cikin wannan ajin. Ranar jarrabawar aiki da hannu ke za ki haɗa musu ruwan gwaji. Ke za ki auna naki, ki rubuta lambar da kika samu, a rufe a ambulan a kai wa masu gyara, su kuma su gwada lambar kowane yaro da taki. Wanda ya zo kusa da ke ya ci, wanda ya yi nisa ya faɗi. Na san kin san wannan, kin fi ni sabon karatu. Amma ina so ki gan shi a rubuce: duk wanda ya san lambar malama tun kafin a shiga, ba ya bukatar ya taɓa ko kwalba ɗaya. Kuma za a nemi lambar nan a wurinki.

Za ki ce Mama ta fara zarginta. E, na fara. Shekarun da na yi a ɗakin gwaje-gwaje su suka mai da ni haka, ba haihuwata aka yi da shi ba. Ki amsa mini: me ya sa malamin da kika gada ya tafi a tsakiyar zango? Baffanki ya ce wai ya samu wani aiki. Wane aiki? A ina? Da na tambaya sai ya hau yabon shayina. Ruwa ba ya tsami banza, Yagana. Kuma duk malaman da suke yawo da takardu a Yobe da Borno, me ya sa sai ke, wadda ko alli bai gama sanin hannunki ba? Ni abin da na gani shi ne, ya nemi wadda ba za ta iya kallon idonsa ta ce a'a ba, wadda kuma ƙanenta yake zaune a ajin.

Da Modu ya zo hutun da ya wuce, yana ta cika baki wai makarantarsu kowace shekara kowa yana cin kemistiri. Kowa! Sai na ɗauko tsohon kofin awona na gilashi, na zuba ruwa, na ce karanta mini. Yaron nan ya tsaya a kansa ya leƙa ta sama kamar mai duba rijiya. Na ce, "Modu, ba a koya muku ku sunkuya ido ya yi daidai da bakin ruwan ba?" Ya ce, "Mama, ai buret ɗinmu suna cikin kwali, Malam ya ce kada mu fasa." Dogon bututun gilashin da duk jarrabawar ta rataya a kansa, yaro yana ajin ƙarshe bai taɓa murɗa famfonsa ba, amma kowa yana ci. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Bari in ba ki labarin wautata, ko kya tsallake ramin da na faɗa.

Shekarata ta farko da shirya wannan jarrabawa, a wata makaranta can wajen Moduganari, yara suka fito kowa da lamba iri ɗaya, tsaf kamar an buga da hatimi. Na dawo gida Mafoni ina ta murna, har na ce wa mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ai ni an haife ni ne don koyarwa. Washegari na shiga wanke kaya. Kwalaben da ya kamata in tarar da jirwayen launi a cikinsu, rabinsu a bushe suke ƙayau. Jarkar asid da na cika, da kyar ta sauka. Kwatamin wanke hannu ko danshi babu. Na tsaya ina kallon jarkar nan kamar za ta ba ni haƙuri. Har yau ban san wanda ya fitar da lambar ba, amma na san ni ce na bar ta a fili, kuma ni ce na yi guɗa a kan abin kunya.

To ki riƙe wannan. Idan kin ga aji ya haɗu a kan lamba ɗaya babu ko ɗigo na bambanci, kada ki yi murna, ki je ki duba kwatami. Hannun mutum yana rawa. Wani zai wuce da ɗigo, wani zai gaza da ɗigo, wani zai soke ya sake. Takardar yaron da ya yi aiki ba ta fita fes, za ki ga inda ruwa ya ɗiga mata, za ki ga yatsunsa da launi. Tsabta mai yawa a takardar gwaji ni tsoro take ba ni.

Na biyun ya fi ciwo, shi ne ma dalilin wasiƙar nan.

Bayan wasu shekaru, ina ganin na zama gwana, sai na ce bari in rage wa kaina wahalar safiya. Ana gobe jarrabawa, bayan la'asar, na haɗa ruwan duka, na auna nawa, na samu lambata. Ina cikin goge tebur sai ga mataimakin shugaban makaranta, wani dattijo mai furfura wanda tarihi ya karanta, ko sunan asid ɗaya bai sani ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malama, sannu da ƙoƙari. Nawa ya ba ki?" Haka kawai, kamar mai tambayar farashin tumatir. Ni kuma da ladabin banza, babba ya tambaya, sai na faɗa. Bakina ne ya faɗa, ba wanda ya tilasta ni.

Da safe na shigo na ga kamar jarkar asid ta fi yadda na bar ta cika. Na ce idona ne. Ashe makarantar ta yi wa waɗansu ɗalibai na waje rajista ban sani ba, dattijon nan ya zo da sassafe ya duba jarka, ya ga ba za ta ishi kowa ba, ya ɗebo ruwa a tanki ya ƙara.

Aka shiga. Kafin ki ce kwabo, yawancin yara sun gama suna fifita da takarda, don kin san zafin garin nan a wannan lokaci, kwanon rufi kamar zai narke. Yarinya ɗaya ce ta rage a tsaye, Ngozi, 'yar wani mai sayar da kayan gyaran keke a Hausari. A nan aka haife ta, Kanurinta ya fi na wasunmu. Tana ta yi tana sakewa, gumi yana ɗiga daga haɓarta, har aka ce a ajiye alƙalami. Da aka fito ta ji kowa yana kiran lamba ɗaya, tata kuma ta haura sosai. Ta same ni a bakin ƙofa idonta ya yi ja, ta ce, "Malama, don Allah, sau huɗu na yi, kullum abu ɗaya nake samu, kuma ba irin nasu ba ne. Me na yi ba daidai ba?"

Kin san abin da na ce mata? Na ce, "Ke kaɗai ce mai ido a ajin?" Haka na faɗa, da tsawa. Ta juya ta tafi.

Amma maganar ta ƙi barin raina. Na tuna akwai wani yaro a ajin da ko shayi aka ce ya zuba sai ya jiƙa tabarma, shi ma wai ya samu lambata daidai, babu ragi babu ƙari. Na ce biri ya yi kama da mutum. Mai sa ido da hukumar jarrabawa ta turo yana nan yana harhaɗa takardu, bai rufe ambulan ba tukuna. Na ce masa, "Malam, dakata mini." Na ɗebo ragowar asid daga jarkar da yara suka yi aiki da ita, na cika buret, na sake aunawa a gabansa. Lambar Ngozi ta fito. Na sake. Ita ce dai.

Aka kira dattijo. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, ɗan ruwa ne fa na ƙara, ba yawa, don ya ishi kowa." Na ce, "Ranka ya daɗe, miyar biki ce?" Sai ya ja ni gefe ya sassauta murya. Ya ce in bar tsohuwar lambar yadda take, ai aji guda ne a kanta. Ya ce, "Yarinya ɗaya ce fa, kuma ba 'yarmu ba ce. Za ki kayar da 'ya'yan mutane saboda ita?"

Ba zan yi miki ƙarya ba, na tsaya da alƙalami a hannu na daɗe. Na san iyayen yaran nan, da wasu muke zuwa suna da biki. Daga baya na soke tsohuwar, na rubuta wadda jarkar ta ba ni, mai sa ido ya sa hannu ya rufe.

Kada ki ɗauka an yi mini tafi. Da sakamako ya fito, yaran da suka kwafi tsohuwar lambar suka faɗi, iyayensu mata suka yi ta sallama a gidanmu, ba don gaisuwa ba. Wata ta tsaya a tsakar gida ta ce na zaɓi bare na zubar da na gida, Allah ya isa. A wani biki a unguwarmu na zauna a gaban tire, matan da ke wurin suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bar ni da shinkafa. Kina goye a bayana a lokacin. Zangon da ya biyo aka mai da ni wata makaranta mai nisa, mota biyu nake hawa kafin in isa. Ngozi kuwa ba ta sake yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya, don ni ce na yi mata tsawa a ranar da ita kaɗai ta yi aikin.

Abin da nake so ki ɗauka a nan ba jarumtata ba ce, don da ban buɗe baki da la'asar ba da duk wannan bai faru ba. Ki auna naki a safiyar jarrabawa, a lokacin da yara suke nasu, daga jarkar da suke ɗiba, a gaban mai sa ido. Kafin wannan lokaci kada ki san lambar ke kanki. Abin da ba ki sani ba, ba mai iya roƙonsa a wurinki, ko da kuka ko da furfura. In kin haɗa ruwan, ki rufe jarka, ki ja layi da alƙalami a inda ya tsaya, ki kulle, makulli a ɗaure a bakin zanenki. Wanda ya ce ki ba shi makulli zai share ɗaki, ki ce kin gode, kin iya shara.

Sai maganar abinci. Wata shekara ni aka tura sa ido a wata makaranta. Ana tsakiyar aiki aka zo aka ce shugaba yana gaishe ni, in leƙa ofis ko ruwa in sha. Na tarar da gasasshen kifi da lemo mai sanyi, a wannan zafi. Na ce ai ƙin karɓa rashin mutunci ne, na zauna na ci. Da na dawo na ga kusurwar allo da danshi, an goge wani abu da tsumma, yara kuma duk sun natsu suna rubutu kamar malaman masallaci. Ban iya tabbatar da komai ba, na sa hannu na tafi. Baffanki mutum ne mai kyauta, kin sani. Ranar jarrabawa za ki ga karamcin da ba ki taɓa gani ba, ke da mai sa idon duka. Ki shiga da gorar ruwanki, ki ce kina azumin nafila in ya kama, amma fa ki yi azumin da gaske kada ki yi ƙarya saboda ni.

Kada kuma ki zauna jiran ranar, ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe-goben nan ki sa a buɗe kwalayen buret ɗin nan. Baffanki zai ce za su fasa. Su fasa! Gilashin da ba a taɓa ba me ya amfana? In ya ce babu kayan haɗi, kada ki tsaya gardama. Ni na koyar da aji guda da ruwan zoɓo da kanwa da lemon tsami, yara suka ga ja ya koma kore a gaban idonsu, suka yi ta ihu. Hannu ake koya wa, ba kwalba ba. Ki bi su ɗaya-ɗaya. Ki ga wanda ya ɗauraye buret da asid kafin ya cika, da wanda ya manta mazurari a sama yana ɗiga masa. Ki ga ko ya kori iskar da ke maƙalewa a bakin famfo. Hagu a famfo, dama tana juya kwalba, farar takarda a ƙasa, ido a kan launi ba a kan maƙwabci ba. Idan an zo kusa, ɗigo-ɗigo, har launi ya juya ya tsaya. Yaron da ya iya wannan, ko lambarsa ta ɗan kauce, kin san abin da kika yaye. Wanda bai iya ba kuwa, in kin ba shi lamba, gobe shi ne zai auna wa wani magani a asibiti.

Modu ki fi matsa masa. Zai zo miki da "Ya Yagana" da murmushin nan nasa na auta, zai tuna miki ke kika goya shi. Zai ce duk abokansa sun dogara da shi, in bai kawo ba za su ce yayarsa muguwa ce. Ki sa shi ya tsaya a gaban buret har ƙafarsa ta gaji. Yaron yana da kai, lalaci ne da sangarta, kuma na san wadda ta sangarta shi.

Yanzu ga abin da na fi jin nauyin rubutawa. Na ce ki yi hattara da baffanki, da dattawa masu tambaya a bakin ƙofa, da masu kifi, da ƙanenki. Saura mutum ɗaya.

Ranar da baffanki ya zo ɗaukar kayanki, kina ciki kina sallama da maƙwabta, ya zauna a kan tabarma ya ce mini, "Hajja, ki kwantar da hankalinki a kan Modu. Likita kike so, likita za ki samu. Wannan a hannunmu yake." Yagana, ni da na ba ki duk labaran nan, kin san abin da na ce? Na ce, "Allah ya saka da alheri." Ban tambaye shi ta yaya ba. Kuma wani sanyi ya sauka a ƙirjina, na ji daɗi. Sai da ya tafi na gane abin da na yi wa godiya.

A wancan lokaci 'ya'yan wasu ne, shi ya sa alƙalamina ya iya. Wannan nawa ne, autana, wanda mahaifinsa ya rasu bai ga ya shiga sakandare ba. Na san kaina. Idan ranar ta matso zan kira ki. Ba zan ce ki ba shi lamba ba, na fi ƙarfin wannan, ina da wayo. Zan ce yaya Modu, yana cin abinci kuwa? Zan ce kin san shi maraya ne. Zan ce ki duba shi da idon rahama, zan yi shiru, ki ji ina jan hanci. Ke kuma kin san abin da ake nufi, don ni na haife ki.

Saboda haka ga umarnina, yau da nake cikin hankalina. Daga ranar da takardar hukumar jarrabawa mai bayanin ruwan da za ki haɗa ta iso hannunki har a rufe ambulan, kada ki ɗauki wayata. Ko sau nawa na kira. In wani abu ya same ni, innarki Bintu za ta neme ki, ita ba ta da ɗa a ajin. In na aiko wani da saƙo, ki ba shi wannan takarda ya dawo ya karanta mini ita. Idan Modu ya ci da hannunsa, alhamdulillahi. Idan ya faɗi, zan yi kuka, wataƙila in yi fushi da ke, wataƙila in faɗi maganar da matan nan suka faɗa mini a tsakar gida. Ki bar ni in faɗa. Ya sake zama wata shekara, ba a kansa aka fara ba.

Allah ya tsare ki a zamanki da fitarki. Ya kare ki daga zazzaɓi da baƙin ruwa da mugun maƙwabci. Ya sa albarka a allinki da hannuwan yaran da za ki koyar, ya dawo mini da ku biyu lafiya. Ya ba ki ƙarfin cewa a'a ga babba da ƙarami. Ya kuma tsare ki daga uwarki a ranar da za ta kira.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajja Fanna
Mafoni, Maiduguri